Ko Mai Tashi Sama, Zuciyarsa a Ƙirji Take

Kwanan baya wani marubuci ya fitar da maƙala yana yi wa wasu likitoci da ma'aikatan jinya shaguɓe, waɗanda ke bibiyar littattafan zane na sadaukan Amurka, su Batman da Spider-Man da Superman, suna tsintar kurakuran da ake tafkawa duk lokacin da labari ya leƙa asibiti ko aka ji wa wani rauni. Hujjarsa ba ta banza ba ce, don haka bari a kawo ta yadda ya kafa ta. Ya ce duniyar da mutum ke tashi sama ba fiffike, wani ya ɗaga jirgin ƙasa da hannu ɗaya, wani kuma gizo-gizo ya cije shi ya wayi gari yana tafiya a jikin bango, ba duniyar da za a tsaya auna inda aka zana zuciya ba ce. Ya ce babu mai hankalin da ke koyon aikin likita daga littafin zane, kuma zuzutawa ita ce gishirin wannan sana'a, wanda duk ya nemi a daidaita ta da littafin makarantar likitoci kashe labarin zai yi. Ya ƙara da cewa masu zanen suna fama da wa'adi, shafi ashirin da 'yan kai kowane wata, ba su yi karatun likita ba, bai kamata a nemi abin da ba su da shi a wurinsu ba. Sannan ya rufe da cewa masu sukar burga kawai suke yi, a san sun yi karatu.

Akwai wurin da zan bi shi salla ba tare da ja ba. Zuzuta ƙirar jiki tsohuwar ɗabi'ar sana'ar ce, kuma da gangan ake yi. Littafin koyon zane da Stan Lee da John Buscema suka fitar a 1978 ya umarci ɗalibi ya ba sadauki tsayin da ya ninka tsawon kansa sau takwas da kashi uku cikin huɗu, alhali mutumin da muke haɗuwa da shi a titi da wuya ya wuce bakwai da rabi. Zanen Captain America da Rob Liefeld ya yi a 1996, mai ƙirjin da ya turo gaba har ba a san inda haƙarƙari zai zauna ba, an yi shekaru ana yi masa dariya, dariyar ce kuma iyakarta, don babu wanda ya kalle shi ya je ya cutar da ɗan'uwansa. Da a nan marubucin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Sai dai ya cakuɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka: zuzutawar da mai zane ya sani, mai karatu ma ya sani, da kuma kuskuren da babu wanda ya lura da shi a cikinsu. Ƙirjin Captain America kowa ya ga ƙarya ce. Hannun ma'aikacin ceto fa, da aka ɗora a kan nonon hagu ko a kan tumbi ana danna wa wanda numfashinsa ya tsaya? Wa zai gani ya ce ai zuzutawa ce? Ɗauka ake yi haka ake yi.

James Kakalios, farfesan fiziks a Jami'ar Minnesota, wanda ya wallafa littafi a 2005 kan kimiyyar da ke cikin waɗannan labarai, ya tsaya kan ƙa'ida mai sauƙi: a yafe wa kowane sadauki abin al'ajabi guda, wato tushen ƙarfinsa, sannan a duba ko sauran labarin ya bi dokar duniya. Duk yaron da ya taɓa zama gaban mai tatsuniya ya san wannan ƙa'ida tun kafin a rubuta ta. Gizo ya yi magana, ya auri Ƙoƙi, ya yaudari zaki da kura, ba mai ɗaga yatsa. Amma mai tatsuniya ta ce Ƙoƙi ta je rafi ta ciko kwando da ruwa ta kawo gida, ba tare da wani siddabaru ba, nan take yara za su ce a'a, don kwando sun san shi, yana nan a tsakar gidansu. Superman ɗan wata duniya ne, Krypton. A zana masa zuciya uku ma ba ruwana. Amma masoyiyarsa Lois Lane ba daga Krypton ta zo ba. Tsohuwa May da ta riƙi Peter Parker, wato Spider-Man, da kwamishinan 'yan sanda James Gordon, da ɓarawon da aka buga wa kai a lungu, duk jikinsu irin na mai karatu ne. Batman kansa, an gina ƙimarsa kacokan a kan cewa shi mutum ne kamar kowa, ba tsafi, ba jinin wata duniya. To in an ce jikinsa bai bin dokar jikin mutane, me ya rage na jarumtakarsa?

A watan Yunin 1973, a fitowa ta 121 ta mujallar The Amazing Spider-Man, wadda Gerry Conway ya rubuta, Gil Kane da John Romita suka zana, mugu Green Goblin ya wurgo Gwen Stacy, budurwar Peter Parker, daga saman hasumiyar wata gada a birnin New York. Spider-Man ya harba zarensa ya cafko ƙafarta, ya jawo ta sama yana murnar ya cece ta, sai ya tarar gawa ce a hannunsa. Mugun ya yi masa bayanin cewa tun tana iska rai ya yi halinsa, wai faɗowa daga irin wannan tsayi kaɗai ya isa ya kashe kowa. Wannan bayani ƙarya ne, in ba haka ba da duk sojan da ya diro da lema daga jirgi gawarsa za a tsinta a ƙasa. Amma a cikin zanen, daidai wuyanta, an sa 'yar ƙaramar alama ta ƙarar abin da ya karye, kuma bayan fitowa huɗu editocin suka amsa a shafin wasiƙu cewa tsayawar farat ɗaya ce ta karya mata wuya. Kakalios ya yi lissafin: wanda ya faɗo daga tsayin kimanin mita 90 yana gudun kusan kilomita 150 a awa. A tsayar da jiki mai wannan gudu ta ƙafa, cikin ƙiftawar ido, dukan fizgar a kan wuya za ta ƙare, 'yan ƙasusuwa bakwai da ke ɗauke da kai, laka na ratsa tsakiyarsu. Wannan mutuwa tana cikin waɗanda aka fi tunawa a tarihin sana'ar, kuma abin da ya sa take sukar zuciya shi ne jikin Gwen ya bi dokar jiki: hannun da ya miƙa don ceto shi ya kashe ta. Da an bi shawarar marubucinmu, da Gwen ta yi lilo a jikin zare, ta buɗe ido ta yi murmushi, da kuma yau babu mai tuna lambar fitowar.

Gadon bayan Batman ya fi nuna inda layin yake, don an karya shi sau biyu, an kuma warkar da shi ta hanya biyu. A 1993, a fitowa ta 497 ta mujallar Batman, mugu Bane ya ɗaga Bruce Wayne, wato Batman, sama ya karya bayansa a kan gwiwa. Abin da ya biyo baya ya nuna marubutan sun yi tambaya: mataimakansa Alfred da Robin sun shiga fafutukar neman maganin rage kumburin laka, irin wanda likitocin lokacin ke ganin sai an ba majinyaci shi cikin awannin farko. Ba daga kansu suka ƙirƙiro ba, wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ne ya ba da shawarar irin wannan magani cikin awa takwas bayan rauni, ko da yake daga baya likitoci da yawa sun ja baya daga shawarar. Bruce ya zauna a keken guragu, wani, Jean-Paul Valley, ya sa rigarsa. Da lokacin warkewa ya zo, sai aka kawo likita Shondra Kinsolving mai baiwar warkarwa da ƙarfin tunani. Ana iya cewa wannan hanyar tsira ce mai arha, amma aƙalla labarin ya fito fili ya ce ga abin al'ajabi, ba mai fita neman irinta a asibitin garinsu. A fim ɗin Batman na Christopher Nolan na 2012 kuwa, wanda aka san shi da kusanci da zahiri, wani fursuna ne a cikin rami ya lalubo ƙashin da ya turo a gadon bayan Bruce, ya dunƙule hannu ya nausa shi ya koma, aka bar shi rataye da igiya har ya miƙe. Ba tsafi, ba baiwa, an nuna shi ne a matsayin magani. Alhali laka tana bi ne ta cikin ramin ƙashin baya, kuma ƙashin da ya karye in ya ƙara gocewa ko kaɗan yana iya danne ta ko ya yanke ta, ita kuwa ba ta tohowa. Shi ya sa abin farko da ake koya wa mai ceto shi ne kada ya lanƙwasa wanda ake zargin ya ji rauni a baya, a riƙe kai da wuya da gadon baya a layi ɗaya. Cikin warkarwar nan biyu, wacce ce wani zai iya gwadawa a bakin titi?

Sai babbar hujjarsa, wai babu mai koyon likitanci daga littafin zane. Gaskiya ne babu wanda ya taɓa buɗe Batman da niyyar cin jarrabawar tiyata. Amma yaushe aka ce sai da niyya ake koyo? Masu sana'ar ma ba su yarda da marubucin ba. A 1971 ma'aikatar lafiya da ilimi da walwala ta gwamnatin Amurka ta roƙi Stan Lee ya yi labarin da zai ja kunnen matasa kan ƙwaya, ya yi shi a fitowa ta 96 zuwa 98 ta Spider-Man, inda abokin Peter, Harry Osborn, ya faɗa shan ƙwayoyi. Da hukumar tace littattafan zane ta ƙi buga hatiminta, kamfanin Marvel ya fitar da su ba hatimin. A 1996 kamfanin DC ya haɗa kai da UNICEF da gwamnatin Amurka suka buga littafin Superman don koya wa yaran Bosniya gudun nakiyoyin da yaƙi ya bari a ƙasa. To in zane na iya koya wa yaro kada ya taɓa nakiya, ta yaya zai kasa koya masa kuskure? Ko kuwa littafin malami ne ranar da za a yaba masa, ranar da za a tuhume shi kuma sai ya koma kayan wasan yara?

A shekarar ta 1996 dai, Susan Diem da John Lantos da James Tulsky suka wallafa bincike a mujallar likitoci ta New England. Sun kalli shiri 97 daga wasu jerin shirye-shiryen talabijin uku na asibiti da aikin ceto, suka ƙirga sau 60 da aka yi yunƙurin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Kashi 75 cikin ɗari sun farfaɗo a nan take. A zahiri kuwa, ko a Amurka mai motar asibiti a kowace unguwa, cikin waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti kusan ɗaya cikin goma ne ke komawa gida da rai. Za a ce ai wannan talabijin ne, ba littafin zane ba. Haka ne, amma hoto ɗaya ne ke kai-komo tsakanin shafi da allo, kuma kowa ya san shi: layin na'ura ya miƙe ɗoɗar, likita ya goga faranti biyu ya ɗora a ƙirji, jiki ya yi tsalle, layi ya dawo yana rawa. Na'urar shokin nan mai faranti biyu ba don haka aka yi ta ba. Aikinta yana kan zuciyar da lantarkinta ya rikice, tana karkarwa ba tsari, ba ta tura jini. Shokin ɗin sai ya dakatar da hargitsin don zuciyar ta kama bugunta da kanta. In layi ya miƙe, babu hargitsin da za a dakatar, abin yi shi ne danna ƙirji da allurar adirenalin. Dannawar ma tana da wurinta, tsakiyar ƙirji, a kan rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, don zuciya a bayansa take, ta ɗan karkata hagu kawai. Gwiwar hannu a miƙe, majinyaci a kan abu mai tauri, a lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Aiki ne mai gumi, sau da yawa har haƙarƙari kan karye, ba shafa ƙirji a kan katifa ana kiran sunan masoyi ba. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba jini. Cikin waɗannan mintuna da wuya a sami likita a wurin. Wanda ke tsaye kusa shi zai fara, kuma ba shi da komai sai hoton da ya taɓa gani.

Akwai wasu ƙaryayyakin da suka zama ruwan dare har ba a ganinsu. Batman, in ji labari, ba ya kisa. Sai dai ya kama kan mutum ya buga da bango, ya bar shi a sume har 'yan sanda su iso bayan awa guda, mutumin ya tashi yana sosa ƙeya. Madalla da wannan tausayi! A wurin likitoci, sumar da ta haura rabin awa bayan bugu a kai ta fita daga sahun ƙaramin rauni. Mafi muni, ƙashin da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta fashe, mutum na iya farfaɗowa, ya yi magana garau, ya ce lafiyarsa ƙalau, jini kuwa na taruwa a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa, bayan 'yan awanni ya yanke jiki ya faɗi. Wanda ya saba ganin suma a matsayin ɗan gajeren barci, me zai sa ya kai irin wannan asibiti? Haka harbin kafaɗa, da aka mai da shi raunin alfarma na jarumai, a ɗaure da tsumma a ci gaba da dambe, alhali ta nan babbar jijiyar jinin hannu da tarin jijiyoyin da ke motsa shi suka wuce. Haka jarumin da ke cije haƙora ya zare wuƙar da aka soka masa, alhali sau da yawa wuƙar ce ke toshe hanyar jinin, cire ta aikin ɗakin tiyata ne. Mu a nan ba mu cika riƙe littattafan a hannu ba, amma 'ya'yansu, wato fina-finan Marvel da DC, suna cikin wayoyin matasa daga Kano har Damagaram. Wanda kuma ya taɓa tsayawa inda aka yi haɗarin mota ya san yadda jama'a ke rugawa da kyakkyawar niyya, wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, kai na reto, a cusa mutum a bayan mota a zaune. Ba na cewa Batman ne ya koya musu. Cewa nake yi labarin da ya isa inda malamin taimakon gaggawa bai isa ba, bai kamata ya ƙara wa kuskuren ƙarfi ba.

Wai gaskiyar jiki tana kashe labari. Wanne ta kashe? Doctor Strange, da Steve Ditko da Stan Lee suka fito da shi a 1963, likitan tiyata ne mai girman kai da haɗarin mota ya lalata wa jijiyoyin hannu. Da an ce an ɗinke hannun ya warke cikin mako, da babu abin da zai kai shi neman magani har ya faɗa duniyar sihiri. Jijiyar hannu in ta yanke tana tohowa ne da kimanin milimita ɗaya a rana, kuma ba lalle ta dawo da lallausan motsin da mai riƙe wuƙar tiyata ke bukata ba. A kan wannan gaskiyar aka kafa mutumin da daga baya zai yi faɗa da aljanu. A 1982 Jim Starlin, wanda ciwon daji ya kashe mahaifinsa, ya kwantar da Captain Marvel a gadon jinya da cutar, ya tara masa manyan masana na duniyar Marvel, duk suka kasa. Sadaukin da ya yi yaƙi a tsakanin taurari ya rame ya mutu a kan gado. Jason Aaron da Russell Dauterman sun je inda ya fi nan a labarin Jane Foster, likita mai ciwon dajin nono da ta ɗauki gudumar Thor: duk lokacin da ta rikiɗa, ƙarfin gudumar sai ya wanke gubar da ke jikinta, wato maganin da ake ɗura mata a asibiti, ya bar ciwon, don ciwon daji ƙwayoyin jikin mutum ne da kansa suka bijire, ba baƙo ba ne. Wanda ya rubuta wannan ya fahimci cutar, kuma fahimtar ce ta ba shi tarkon da ya kama jarumar: kowane ceto da ta yi yana rage mata kwana. Barbara Gordon kuwa, 'yar kwamishina Gordon, da mugu Joker ya harbe ta a laka a littafin Alan Moore da Brian Bolland na 1988, John Ostrander da Kim Yale suka ƙi yarda a warkar da ita da dabo ko a jefar da ita, suka mai da ita Oracle, gwanar kwamfuta da bayanan sirri, a kan kekenta. Ta shekara 23 a kan keken, kuma da DC ta miƙar da ita a 2011, masu karatu da dama masu naƙasa sun nuna ɓacin ransu, don a wurinsu keken nan ba ado ba ne.

Uzurin wa'adi shi ne mafi rauni, ko da yake shi ya fi kama da tausayi. Mai zanen da ke neman hoton bindiga don ya zana kunamarta daidai, ya nemo hoton motar da jarumi zai tuƙa har da fitilunta, shi ne ba shi da minti biyar na duba inda hanta take? Littafin ƙirar jiki na Henry Gray, mai zanen Henry Vandyke Carter, tun 1858 yake duniya, tsofaffin bugunsa kuma kyauta suke a intanet. A labarin Gwen Stacy ɗin nan ma an yi wani kuskuren: rubutun ya ce gadar George Washington, zanen kuwa gadar Brooklyn ya nuna. Masu karatu suka yi ca, da aka sake buga labarin daga baya aka gyara sunan. Ashe gadar da aka sauya wa suna ta cancanci gyara, huhun da aka sauya wa wuri ne bai cancanta ba? A Japan, Osamu Tezuka, wanda ya yi karatun likita har ya sami lasisi, ya zana Black Jack daga 1973 zuwa 1983, da farko ma kusan kowane mako, wa'adin da ya fi na Amurkawa tsanani. Ƙirƙira kuwa bai rage mata komai ba, tunda mataimakiyar likitan, Pinoko, daga sassan jikin da aka ciro cikin wani ƙari aka harhaɗa ta. Amma in ya buɗe ciki a shafi, kayan cikin suna inda Allah ya ajiye su. Ba kowane mai zane zai zama Tezuka ba, ba kuma wanda ya nemi haka. Kamfanin da ke da editoci masu tuna wane ne ya mutu a fitowar shekara talatin da suka wuce ba zai rasa nas guda da zai tura wa shafi biyu ta duba ba.

Kada a ɗora mini abin da ban ce ba. Ban nemi a daina ba She-Hulk ƙarfi ta hanyar ƙarin jini daga ɗan'uwanta Bruce Banner ba, kamar yadda aka yi a 1980, ban kuma nemi Wolverine ya jira mako shida ƙashinsa ya haɗe ba. Waɗannan abubuwan al'ajabi ne da aka shelanta, mai karatu ya saya da saninsa. Matsayina shi ne: duk abin da labari bai shelanta a matsayin al'ajabi ba, ya ɗauki alhakin gaskiyarsa, kuma alhakin ya fi nauyi a wuraren da ɗan kallo zai iya kwaikwaya da hannunsa, wato danna ƙirji, ɗaukar wanda ya karye, tsai da jini, da abin da ake yi wa wanda ya bugu a kai. Robar iskar oksijin da aka zana a karkace abin dariya ce kawai, a yi dariyar a wuce. Hannun da aka ɗora a kan tumbi ba sahunsu ɗaya ba. Wannan magana ta shafi masu zanen da ke tasowa a nahiyarmu ma, irin na Comic Republic a Legas da ya fara a 2013, don mai koyon zane daga shafin wani yakan kwafo kuskuren tare da gwanintar, ba tare da ya san wanne ne wanne ba.

Saura zargin burga. Mai yiwuwa a cikin masu sukar akwai mai son a san shi, kamar yadda ake samu a cikin marubutan maƙala. Amma tsintar kuskure ba baƙuwar al'ada ba ce da likitoci suka kutso da ita cikin wannan gida. Masu gidan ne suka shuka ta. Tun shekarun 1960 Stan Lee ya ƙirƙiro wata kyauta ta zolaya a Marvel, ambulan da babu komai a cikinsa, ana aika wa mai karatun da ya gano kuskure a labari, musamman in ya kawo bayanin da zai rufe ɓarakar. Mutane sun yi ta rubuto wasiƙu kan launin riga da sunan titi da ranar da wane ya haɗu da wane, kamfanin yana bugawa yana jin daɗi, don ya san wanda ya kula har haka shi ne mai saye na gaskiya. Likitan da ya rubuto cewa an danna wa majinyaci hanta maimakon ƙirji a layin nan yake, ban ga dalilin da za a tafa wa na farko a yi wa na biyu gwalo ba. Shi ko ambulan ɗin ma ba ya bukata. A gyara hannun a bugu na gaba, kamar yadda aka gyara sunan gadar.